Kabar Nomau da Rijiyar Tsamiya

Tun da aka jibge ƙaya a bakin rijiyar tsamiya na sake hanyar zuwa masallaci. Yanzu ta bayan gidan mai gari nake zagayawa, ko da yake gwiwoyina ba sa son nisa. Ba tsoro nake ji ba, ramin ya kusa cikewa da kansa. Shirun wurin ne ba na iya jurewa. Ni ɗan kasuwa ne, na ga asara iri-iri. Ƙwari sun taɓa cinye mini wake sito guda, ruwa ya taɓa jiƙa mini gyaɗa kamyo guda, cikin babbar mota, a hanyar Magarya, kuma duk na kwana na tashi na ci tuwo na koma kasuwa. Asarar kaya tana da magani, ka sayi wani ka sayar. Wannan kuwa ina tsaye aka yi ta, da kuɗina a aljihu, da siminti a ajiye, da igiya sabuwa, da samari cike da gari, kuma har yau in ka ce in nuna maka wanda ya yi laifi ban san inda zan miƙa yatsa ba.

Lokacin da muke yara, rijiyar nan ce take tada gari, ba zakara ba. Kafin gari ya waye sosai za ka ji guga ya faɗa ruwa daga can ƙasa, ka ji igiya tana gurzar gungumen kirya da aka gicciya a baki, wanda igiyoyin kakanninmu suka yi wa zane-zane masu zurfi har yaro na iya cusa yatsu. Ka ji mata suna gaisawa suna faɗa a numfashi ɗaya, jakai suna kuka, Fulani suna yi wa shanu fito a bakin kwami. Aikina na farko a duniya shi ne in riƙe wa yayata Hajo tulu kada ya karkace tana zuba ruwa, in na bari ya zube ta ranƙwashe ni. Ruwan yana da sanyi da ɗan zaƙi, matafiya daga wajen Mallawa sukan ratse hanya don kawai su cika salka. Amma ƙasarmu rairayi ce, ba ta riƙe rami don Allah. Kowace shekara, idan rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, dole a shiga a yashe, a fid da laka, a sauya itacen da ya ruɓe a jikin bango. In aka tsallake shekara ɗaya, kowa ya san abin da zai biyo baya. Wannan aiki na samari ne, kuma samari a wancan zamani suna hannun wani mutum da ake kira Nomau.

Nomau shi ne sarkin samarinmu, ko da yake a lokacin da na san shi furfura ta fara fito masa. Gajere ne, baƙi, mai ƙaramar murya, ba ya da gona mai yawa, ba ya da doki. Yana da wata ɗabi'a da ban ga irinta a wani gari ba, kuma na yi yawo. Ranar gayya, ko ta yasar rijiya ce, ko ta noman gonar mara lafiya, ko ta rufin ɗakin tsohuwa, idan mai ganga ya tara mu, sai Nomau ya zo da ganyen kaba a hannu yana tsagawa siri-siri. Ya tsaya ya dube mu ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen rago. Sai ya kama hannun wani ya ɗaura masa kaba a wuyan hannu ya ce, kai ne mai igiya yau. Ya ɗaura wa wani, kai ne mai laka. Wani mai itace, wata a cikin ƴammata mai ruwa da fura. Kowane mai kaba sai ya ɗebi mutanensa, ƴan kaɗan, waɗanda zai iya kiran sunansu ba tare da ya waiwaya ba. Daga wannan lokaci har faɗuwar rana, maganar mai kaba a kan aikinsa ita ce magana, ko ubansa ne a cikin mutanensa. Da rana ta faɗi, aka kawo tuwon gayya, kowa ya zo gaban Nomau ya miƙa hannu, ya tsinke kabar ya jefa a wutar da aka yi girkin. Gobe kuma wasu ne. In ka tambaye shi me ya sa bai ɗaura wa wane ba, alhali wane ya fi kowa iya aikin, sai ya ce maka, "To ina wanen? Ka gan shi nan? Ni wanda na gani nake ɗaura wa."

Shekarar da ya fara ɗaura mini, gemuna bai fito ba. Gindin rijiyar ya yi muni a shekarar, har Nomau ya ce shi da kansa zai shiga. Ya kama hannuna ya ɗaura, ya ce kai ne mai igiya. A cikin masu jan igiyar kuwa akwai ƙanen mahaifiyata, Kawu, mutum mai zafin hannu wanda ko inuwarsa ba na takawa. Aikin mai igiya shi ne ya kwanta rub da ciki a bakin rijiya, hannunsa a kan igiyar da ke ɗaure a ƙugun mai shiga, kunnensa a ƙasa. Rana ta take, an fid da laka mai yawa, mutane sun gaji, wasu sun koma gindin tsamiya. Kawu ya zauna ya ɗauki ƙwaryar fura. Sai na ji wani ɗan sauti daga ciki, kamar ana ɗura gero a buhu a hankali. Nomau bai ja igiya ba, bai yi magana ba, ina jin shi ma bai lura ba tukuna. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce ku ja mutum, ku ja mutum! Kawu ya dube ni ta saman ƙwarya ya ce, "Kai yaro, bari in haɗiye." Na kai wa ƙwaryar ƙafa, furar ta wanke masa riga, na ce, "Kawu, tashi ka kama igiya!" Ya tashi ya kama. Muka ja, igiya ta yi nauyi kamar mun ɗaure ta a saiwa, muka sake ja, sai ga Nomau ya fito, rairayi ya binne shi har cinya kafin mu tumɓuke shi, wandonsa kuma ya zauna a can. Ƴammata suka watse da gudu suna ihu, mai ganga ya ɗauko waƙa nan take, waƙar wandon Nomau, wadda aka yi shekaru ana rerawa a dandali.

Da yamma Kawu ya wuce ta kusa da ni ya ce a hankali, "Ka gode wa abin da ke hannunka, da yau haƙoranka a tafinka za ka kai su gida." Ni kuwa kaina ya kumbura. Ko'ina na juya ana nuna ni. Da aka fara tsinke kaba na ja baya, na tura hannu cikin riga, ina so in kwana da ita, in je dandali da ita ƴammata su gani. Nomau, yana ɗaure da zanen wata tsohuwa, ya ƙirga mutanensa da ido ya ce saura ɗaya. Ya zo har inda nake ya zaro hannuna. Na ce, "Baba, ka bar mini ita ta yau kaɗai." Ya ce, "Ka yi aiki, Allah ya yi maka albarka. Amma in ka kwana da ita, gobe in ba ka nan wa zai taɓa igiya? Sai a ce ta wane ce." Ya tsinke ya jefa a wuta. Kabar ba ta gama cinyewa ba Kawu ya ƙwala mini kira in je in kamo masa jakinsa, na durƙusa na ce to, Kawu.

Da wannan na yi kasuwa. Na fara da tiya, kwanon awo, a kasuwar Dungas, ina sayen wake a hannun mata ina ɗora wa jaki, har Allah ya kai ni ga kamyo da sito da yara a garuruwa. Duk inda kayana suka sauka, yaron da ke tsaye a wurin shi ne mai magana a ranar, ba wanda ya fi daɗewa da ni ba. Shekaru suka wuce, Nomau ya rasu, ganga ta yage ba a sake ɗaure ta ba. Wani poroje, irin na ƙungiyoyin agaji, ya zo ya zuba wa rijiyar zobban siminti, muka yi murna, yasa ta ragu amma ba ta ƙare ba. Aka haƙa foraji, wato rijiyar burtsatse, a sabuwar unguwa, mai aiki da hasken rana, ruwansa da ɗan zartsi, kuma in ya lalace sai a yi ta jiran mai gyara. Tsohuwar unguwa dai ba ta bar rijiyar tsamiya ba. Abin da ya fi sauyawa shi ne rani. A da ƴan kaɗan ne ke fita cin rani, su ma Kano ko Daura, su dawo in an kira su. Yanzu da an ɗaure damman gero an zuba a rumbu, sai ka ga kabu-kabu suna kwasar samari, wasu Najeriya, wasu arewa wajen haƙar zinariya, wasu su tsallaka hamada gaba ɗaya. Gari ya zama na tsofaffi da mata da waɗanda ba su sami kuɗin mota ba.

A cikin wannan hali ɗan ƙanena, Malam Lawali, malamin lakwal, wato makarantar boko, ya tara wasu samari suka cike wani kwari da ya yanke hanyar amalanke. Ba wanda ya sa su, ba wanda ya biya su. Da na ga haka hawaye ya zo mini, na aika musu goro da buhun shinkafa. Abu kamar wasa sai ya girma. Suka share makabarta, suka gyara ajin da iska ta kware, suka ajiye amalanke ɗaya don kai mata masu naƙuda likita. Ƙauyukan kewaye suka ce a sa su, har daga wajen Dogo-Dogo ana zuwa kallon yadda suke yi. Da yawa ya zo, rikici ya zo. Na ga ranar da taro guda ya tafi shara a wurin da wasu suka riga suka share, gawa kuma tana kwance ba a sami masu haƙa kabari ba. Na ga an yi musu a kan shebur har aka cire riguna. Saboda haka ranar da Lawali ya zo zaurena ya ce, "Baba, abin nan ya fi ƙarfin baki ɗaya, sai mun raba shi komite-komite," ni ne na fara cewa gaskiya ce. Har yau ban janye ba. Wanda ya taɓa loda kamyo ya san ba a yi da ihu.

Aka yi taron da kaka, a filin lakwal, lokacin da kowa yana gida, rumbuna cike, angwaye sun yi aski. Aka fid da komitin hanya, na makabarta, na lafiya, na lakwal, na rijiya. Kowane da shugaba da mataimaki da sakatare, a samansu kuma biro babba, wato majalisar shugabannin ƙungiyar. Aka yi rabon da hankali, unguwar nan ta samu, waccan ta samu, gidan liman, gidan maƙera, kowane ƙauye, don kada wani ya tashi da ɓacin rai. Aka ɗinka wa shugabanni jile kore, ƴar riga mara hannu, da sunan muƙami a baya. Ni kuma suka ce ni ne shugaban daraja, aka ba ni kujera mai katifa a gaba, aikina in yi addu'ar buɗewa da ta rufewa. Komitin rijiya aka ba Habu, kuma ko Nomau ne da shi zai ba, domin a duk yankin ba wanda ya kai shi sanin cikin rami. Mataimakinsa Sani, ɗan baffansa, yaro mai kunya wanda ba ya fita rani saboda tsohuwarsa makauniya ce. Na dubi masu jilen nan a jere, na san kowannensu da ubansa, na san inda kowa yake tafiya in an gama casa. Na jawo Lawali gefe na ce, "Kai, mutanen nan naka ai duk ƴan kaka ne, aiki kuma da rani yake." Ya yi dariya ya ce, "Baba, ai don haka muka yi mataimaka. Ga kuma waya, duniya ta zama kusa." Na ga maganarsa da hujja, na ƙyale shi. Kuma shekarun farko abin ya tafi daidai, an yi ayyukan da mu a zamaninmu ko mafarkinsu ba mu yi ba.

Inda ya fara tsagewa shi ne a komitin hanya. Wani rani shugabansu yana Legas, mataimakinsa ya tara mutane suka gyara wata gada ta itace, har mutanen meri, ofishin magajin gari, suka zo suka ɗauki hoto da shi. Da mai jile ya dawo, ƴan gidansu suka ce an ci masa kujera yana neman abinci a uwa duniya, an jira ya juya baya. Gidajen nan biyu suka daina gaisawa, aka fasa wani aure da ke tsakaninsu. Biro ya zauna ya sasanta, ya kuma kafa doka don kada a sake: ba wanda zai kira gayya a kan aikin wani komite sai da izinin shugabansa. Doka ce ta zaman lafiya, ni ma na shafa fatiha a kanta.

Ranin bana, wata safiya ina zaune a ƙofar sito, sai ga Yaya Hajo ta taho da sandarta da ƙaramar ƙwarya a hannu. Ta tsufa ƙwarai, amma bakin yana nan. Ta dire ƙwaryar a gabana ta ce, "Shugaban daraja, ga daraja na kawo maka, sha." Na duba, rairayi ya kwanta a ƙasan ruwan kamar gari. Ta ce zobe ɗaya ya tsage a tsakiya, ƙasa tana tsiyayowa ta bayansa, in mutum ya tsaya a baki yana jin ƙasan ƙafarsa kamar ganga. Na ce zan duba. Ta ce, "Duba? Da ido ake yasa yanzu? Kai da ka zubar wa Kawu fura, yau katifa ta cinye ka." Na tafi na kwanta rub da ciki a bakin rijiyar, da girmana da babbar rigata, mata suna kallo suna rufe baki. Na kasa kunne. Sautin nan ne, gero a buhu, a hankali.

Daga nan na wuce gidan su Sani. Ya shimfiɗa mini tabarma ya durƙusa nesa. Ya ce ya sani, ya gani tun kafin mata su gani, kullum da asuba yana zuwa ya leƙa. Ya nuna mini wayarsa, ya kira Habu a gabana, ba ta shiga, yana can arewa wajen haƙar zinariya, inda suke babu rezon waya, sai wanda ya fito gari. Na ce to kai ne mataimaki, tara mutane. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, ka ga abin da ya faru da na hanya. Habu yayana ne, cikin gida ɗaya muke cin tuwo. In na shiga rijiyarsa, da wane ido zan dubi Baffa?" Na ce rijiyarsa? Ya ce, "Haka mutane za su ce." Na je wurin samarin komitin makabarta, waɗanda suke gari, majiya ƙarfi, suna shan shayi a gindin gawo. Suka miƙe suka ba ni wuri. Babbansu ya ce, "Wallahi Baba ko yanzu aka ce mu shiga za mu shiga, ko riga ba za mu tsaya cirewa ba. A dai ce mu shiga." Na ce to na ce. Suka dubi juna suna murmushi irin wanda ake yi wa tsoho. Ya ce, "Baba, kai ai uba ne, ka fi ƙarfin wannan. Daga biro dai." Lawali kuwa an mai da shi wata lakwal mai nisa, sai ƙarshen mako yake zuwa. Ya zo, ya leƙa rijiyar, fuskarsa ta sauya. Ya kira taron biro, waɗanda suka zo ba su kai adadin da dokarsu ta ce a yanke magana da shi ba, sauran suna bayan hamada. Ya ce mini, "Baba, in na karya dokar nan yau da hannuna, gobe kowa ya karya tasa, ƙungiyar ta watse." Ban ga ƙarya a idonsa ba. Yaron ya rame a ƴan kwanakin nan.

Na yi abin da na iya, wato saye. Na sa aka kawo siminti da ƙarfe da igiya sabuwa, aka jibge a gindin tsamiya don kowa ya gani. Na ce zan ɗauko mahaƙa daga waje in biya su da kaina. Maganar ba ta kwana ba sai ga mahaifin Habu a zaurena. Tare muka yi dandali da shi, yana cikin waɗanda suka ja igiya ranar wandon Nomau. Ya cire hula ya riƙe a hannu ya ce, "Alhaji, yaron nan ba shi da gona, ba shi da karatu, rigar nan ita kaɗai ce aka taɓa ba shi a gaban mutane. In baƙi suka shiga, an cire masa ita ke nan. Na aika saƙo da wani direba, yana hanya. Ka yi mini haƙuri kaɗan." Mai gari ma ya aiko a bi a hankali. Na yi haƙuri. A kasuwa ban taɓa jiran mutum alhali farashi yana faɗuwa ba, amma wannan ba buhu ba ne, abokina ne da hula a hannu.

Da gajimare suka fara haɗuwa a gabas, na kasa zama. Wata yamma bayan la'asar, mutane suna fitowa daga masallaci, na tsinko kaba a jikin wata ƴar goriba, na tsaga. Na kira Sani a gaban kowa, na kama hannunsa na ɗaura masa, na ce kai ne mai rijiya gobe, daga safe zuwa faɗuwar rana, da yamma ni zan cire maka, Habu ya dawo ya tarar da rigarsa inda ya rataye ta. Tsofaffi biyu-uku da suka gane abin suka ce Allahu akbar. Samari kuwa kallo kawai suke, wani ya ɗaga waya yana ɗauka. Sani ya tsaya yana duban hannunsa. Na ɗauka ya karɓa. Sai ya sa yatsa ya kwance ƙullin a hankali, bai tsinke ba, ya durƙusa ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, "Baba, ka rufa mini asiri."

Ranar kasuwar Dungas na je na ɗauko mahaƙa ba tare da na gaya wa kowa ba. Babbansu ya zagaya rijiyar, ya buga ƙasa da diddige, ya sa aka zura shi kaɗan ya ce a fid da shi. Ya karkaɗe jikinsa ya ce, "Alhaji, bayan zobban nan duk kogo ne. Da tun farkon tsagewa ka kira mu, aikin yini ne. Yanzu ko ɗana ne ya faɗa sai na yi tunani." Na ce faɗi abin da kake so. Ya ce ba maganar kuɗi ba ce. A rayuwata ban cika jin wannan amsa ba.

Ruwan farko ya sauko da rana tsaka, mai ƙarfi. Yana ɗaukewa muka ji wani gum daga tsohuwar unguwa, ba mai ƙara ba, kamar an sauke buhu daga kan kamyo. Allah ya sa ba kowa a wurin. Da muka isa, baki ya rufta, gungumen kiryar da aka bari don tarihi ya karkace rabinsa a ciki, jan ruwa yana kwarara a kai. Yaya Hajo ta zo ta tsaya da gugarta a hannu. Na jira ta zage ni. Sai ta juya ta tafi.

Habu ya iso bayan an yi shuka. Kabu-kabu ya sauke shi a gindin tsamiya da jakarsa, baƙi ƙirin, ya rame, saƙon direban bai taɓa isa gare shi ba. Ina wurin, Sani ma yana wurin. Ya daɗe yana kallon ramin. Ya ce, "Wa ya shiga?" Aka ce ba kowa. Ya juya ga Sani ya ce, "Kai fa?" Sani ya ce, "Muna jiran ka, Yaya." Habu ya ce, "Ni? Ni da na bar maka igiyata da fitilata a ɗakinka? Don me kake tsammani na bar su?" Sani ya ce, "Na ɗauka ajiya ce." Habu ya zauna a ƙasa, cikin caɓi, ya riƙe kansa. Ya ce shi duk ranin nan hankalinsa kwance yake, yana gaya wa abokan aikinsa cewa su garinsu an tsara komai, ko ba ya nan akwai masu yi.

Yanzu matan tsohuwar unguwa foraji suke zuwa. Jarkoki rawaya a jere tun asuba, ranar da hadari ya rufe rana kuma ruwan ya riƙa ɗigowa kamar hawaye. Kullum ina sa a kai wa Yaya jarka biyu a moto. Ta sha ta yamutsa fuska ta ce a gaya wa shugaban daraja an gode. Ƙungiyar tana nan, ba ta watse ba, har ƙaruwa ta yi. Da kaka aka sake taro, aka gyara dokar izini, aka ƙara mata sharaɗi, aka kuma fid da sabon komite na neman sabuwar rijiya a meri. Suka ce in yi magana, na yi addu'a na zauna. Me zan ce? In ce su watsar da jile su koma kaba? Mutum nawa Nomau zai iya duba da ido, a ƙauyuka nawa? Kabar da Sani ya mayar mini tana aljihun gaban rigata, ta bushe, in na sa hannu neman goro sai in ji ta.

Simintin da na saya kuwa ba wanda ya ɗauke shi daga gindin tsamiya, tunda ba a san na wane komite ba ne. Damina ta bi ta kansa, takardar ta ruɓe, buhunan suka daskare suka zama duwatsu, kowane da siffar buhunsa. Jiya da na manta na biyo ta hanyar, na tarar da Habu da Sani da sakatarensu zaune a kansu cikin jile kore, suna taro. Suka miƙe, suka nuna mini wanda ya fi faɗi suka ce, "Baba, bismilla." Na zauna.